Ragowar Jar Iya Tana Cikin Jakarka

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Jamilu,

Assalamu alaikum. Ina fata ka isa Ƙofa lafiya, mota ba ta mutu muku a hanya ba, ka tarar da Kawunka Habu da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da sharrin hanya da sharrin baƙon wuri. To, gaisuwa ke nan, na sauke nauyinta. Yanzu nemi wuri ka zauna, kuma ka kife wayar nan kafin ka ci gaba da karatu. Na ce ka kife ta.

Na san ka yi mamakin ganin rubutuna a saman kayanka. Tun kaka rabona da yi maka doguwar magana, daga "ga tuwonka" sai "ja mini ƙofa". Da baki na so in faɗa maka abin da ke raina, amma na san halina, in na buɗe bakin nan sai maƙwabta sun shigo ba da haƙuri. Shi ya sa na ari biro. Rubutun yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya karkace ka miƙar da shi da kanka.

A ƙasan jakarka, ƙarƙashin rigunanka, akwai wani ƙullin tsumma. Kada ka zauna a kansa, kada ka ajiye shi kusa da randa. Irin shinkafa ne, ragowar jar Iya. Abin da ka ɗauka ɗin nan shi ke nan. Babu a rumbu, babu a ɗakina, babu a Ba'awa inda na taso, don na aika an bi gida-gida an tambaya. Kawunka ya daɗe da komawa irin zamani kamar kowa, amma ya yarda zai yanka maka gefe a fadamarsa ka shuka ta. In ta fita, ta fita. In ta mutu a hannunka, ta mutu ke nan har abada.

Kai ba ka san Iya mahaifiyata ba, ta rasu kana goye. Ranar da za a kawo ni gidan mahaifinka a ƙasar Doguwa, bayan an gama ɗaure kaya, ta kira ni ɗaki ta miƙo mini wata gora cike da irin nan, an toshe bakinta da toka da tsumma. Ta ce ita ma haka uwarta ta ba ta. Shinkafa ce ja, ba ta da yawan haihuwa, mai neman cika buhu ba zai kalle ta ba. Amma in aka ɗora ta a wuta sai na bayan katanga ya san abin da ake dafawa. Da ita na yi tuwon sunanka. Da ita na yi wa mahaifinka kunu lokacin da ciwo ya hana shi haɗiyar komai, kuma ita ce abu na ƙarshe da ya ce a ƙaro masa. Shekara da shekaru, fari ya zo bai kashe ta ba, ambaliya ta zo ba ta kashe ta ba. Sai ga wani mutum daga Japan, wanda ko sunan garinmu bai taɓa ji ba, ya kusa gamawa da ita a safiya guda.

Ba zan rubuta sunansa ba, hannuna ba zai yarda ba. Bajapanen nan naka dai, mai wasan besbol a Amurka. Ikon Allah! Yaran gari kowa da ƙwallon ƙafarsa, ana ta musu a bakin shago, kai kuma ka tsallake duk wannan ka je ka ɗauko wasan da ko mutum ɗaya ba ya yi a ƙasar nan. Ka ce mini a wasan kowa aiki ɗaya yake ƙwarewa, ko mai jifan ƙwallo ko mai bugunta da sanda, amma shi ya haɗa biyun, kuma ko'ina ya tsaya babu na biyunsa. Ka ce shekarar bara shekararsa ce, tsofaffin masu kallo ma ba su taɓa ganin irinta ba. Ka haddace sau nawa ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga, mutum nawa ya jefa wa suka kasa taɓawa, gudun jifansa nawa ne. Kullum lissafin yana ƙaruwa, kullum kana biye da shi kamar dukiyarka ce take hayayyafa. Kai da ba ka iya riƙe ranar da aka zuba wa masara taki ba.

Kuma abin haushin, lokacin wasan nasu ya zo daidai da namu. Suna farawa muna sharar gona, suna ƙarewa muna girbi. Ga shi kuma dare ne a can lokacin da gari ke shirin wayewa a nan, saboda haka labarin abin da ya yi yana fitowa ne da asuba. A ƙauyenmu kuwa ka fi kowa sanin waya ba ta kamawa sai an hau kan dutse.

Ni ma ina da nawa laifin a ciki, kuma ba ɓoyayye ba ne, duk unguwa ta sani. Zan jera maka don kada ka maimaita.

Na farko, dariya na yi. Da ka fara kawo mini labarinsa ina turara shinkafa a tsakar gida, daɗi na ji. Tun rasuwar mahaifinka ka zama shiru-shiru, sai ga ka kana magana har da tashi tsaye kana gwada mini yadda yake ɗaga ƙafa kafin ya yi jifa. Ranar da ka ce har wata sata ake ƙirga masa a wasan ana yi masa tafi, na yi dariya har da ƙwalla, na ce lallai duniya ta zo ƙarshe. Daga nan ni da kaina na riƙa tambayarka, "Yau mutumin naka ya buga kuwa?" Ni, da furfurata! Na ɗauka ina faranta maka rai ne, ashe ina ƙara maka ƙaimin hawan dutse. To ka ji: wanda yake taya ka dariya a kan abin da ke cinye maka lokaci ba taimakonka yake yi ba, ko da uwarka ce. Kawunka ba zai yi maka dariya ba. Mutum ne mai ɗaure fuska, ko muna yara haka yake. In ya daka maka tsawa kada ka kumbura, ka ce "To, Kawu," ka tashi.

Na biyu, na shuka irin duka. Iya ta ja mini kunne tun ranar da ta ba ni gorar, ta ce ko za a mutu da yunwa kada in zuba duka a ƙasa, in rage wani abu a gindin gora saboda ba a san abin da shekara za ta zo da shi ba. Duk shekarun nan ban saɓa ba sai bara. Na ga ruwa ya sauka da kyau, na ga ina da saurayi a gida mai ƙarfin hannu, sai kwaɗayi ya kama ni, na ce bana zan yi da yawa har in aika wa yayyenka mata a gidajensu su ma su riƙe. Na kife gorar na kakkaɓe. Saboda haka in Allah ya sa ka girbe, kafin a kai ko tsinke bakin tukunya, ka zaɓi kawunan da suka fi cika ka ware su. Iri tukuna, sannan ciki. Ko Kawunka ne ya ce a ɗanɗana, ka ce ni na hana.

Na uku shi ya fi ci mini rai. Malam Idi, wanda ya ara mana gefen fadamarsa tun bayan rasuwar mahaifinka bai taɓa karɓar ko mudu ba, ya zo har ƙofar gida ya yi sallama. Lokacin shinkafa ta fitar da kai, ƙwayar tana ruwa-ruwa kamar nono, daidai lokacin da tsuntsayen jan-baki suka fi sonta. Na tsaya a bayan zaure muka gaisa. Ya ce, "Hajara, ba tsegumi na kawo ba. Amma da sassafe in na je gonata ba na ganin kowa a rumfarku ta gadi. Yaron nan sai rana ta ɗaga yake zuwa. Tsuntsu kuwa ya fara leƙe." Ka san abin da na ce wa dattijon nan? Na ce, "Malam, ɗana yana fita tun kafin a sallame asuba, da idona nake gani. In fadamarka kake so ka faɗa kai tsaye, ba sai ka bi ta kan maraya ba." Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri," ya tafi. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Fita kam kana fita, amma ban taɓa tambayar ina kake nufa ba, don ba na son jin amsar. To duk ranar da wani ya kawo maka magana mai ɗaci a kan abinka, kada ka tsaya auna zuciyarsa. Ɗauki takalminka ka je ka duba.

Ka tuna safiyar. Ni dai ba zan manta ba. Ina dama koko ka shigo a guje, waya a hannu, haƙora duk a waje, kana cewa, "Umma, Umma, kin san abin da ya yi yau? Wallahi ba a taɓa yi ba!" Ban kai ga amsa maka ba na ji sallamar Malam Idi a waje, muryarsa wata iri. Bai ce komai ba sai, "Ki sako mayafi." A bayan babur ɗinsa na je, ni da ban taɓa hawa babur ɗin wanda ba muharramina ba. Tun daga nesa na ga abin. Jiya kawunan sun sunkuya don nauyi, yau duk sun miƙe tsaye, fari fat, babu komai a ciki. Ƙasa ta rufe da ɓawo. Igiyar gwangwanaye tana nan a ɗaure ba wanda ya ja ta, majajjawarka tana rataye a jikin rumfa, ga tulin duwatsun da ka tara ko ɗaya bai ragu ba. Malam Idi ya ce ya yi ihu ya yi jifa iya ƙarfinsa, amma shi ma tasa yake karewa, garken tsuntsayen kuwa ya rufe sama. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan kunyar gona na kasa ko kuka.

Da na juyo na gan ka tsaye a bayana, abin da ka fara cewa shi ne, "Umma, minti kaɗan fa na yi." Kai, Jamilu! Da ka yi shiru da ya fi maka.

Kuma na tuna wata rana can baya da na ce maka anya gadin tsuntsu da kallon waya za su haɗu, ka ce, "Haba Umma, mutum yana iya aiki biyu, ga shi nan ana gani." To bari in ba ka amsar da na rasa a ranar. Kai ma aiki biyu aka ba ka, kuma irin nasa sak: ka yi jifa, ka yi bugu. Ka jefa dutse da majajjawa, ka bugi gwangwani. Iyakarta ke nan! Duk fadamar nan babu mai hannunka, tun kana ƙarami kake sauko da 'ya'yan kanya daga ƙololuwa da jifa ɗaya. Allah ya ba ka filinka, ya ba ka ranarka, ka bar shi ka hau dutse kana kallon wani yana nasa. Kuma da bakinka ka gaya mini cewa in ya tsaya zai yi jifa ba ya ganin kowa, jama'a na ihu kamar za su tsaga wuri shi idonsa na waje ɗaya. Ka ce ba ya yawo, ba ya hira, daga motsa jiki sai barci, don kada aikinsa ya samu tangarɗa. Duk ka haddace wannan. Ka taɓa jin an ce ya ajiye ƙwallo ana tsakiyar wasa ya hau dutse don ya ji labarin shinkafar Hajara? Da ka so koyi da shi da gaske, da ba ka motsa daga rumfar nan ba.

Ni ba na jin haushinsa kamar da. Da farko kam har addu'a na so in yi hannun nan nasa ya sage, sai na yi istigifari. Ɗan mutane ne, sana'arsa yake yi, uwarsa tana can tana jin daɗi. Haushinka nake ji, da haushin kaina.

Saura laifina na ƙarshe. A gefen gonar, wajen da ruwa ya kwantar da shinkafa ƙarƙashin ciyawa, wasu 'yan kawuna sun tsira. Ka ce in bar ka ka yi gadinsu, na ce in ka sake taka gonar nan ban yafe ba. Na ɗaure gwiwoyina da tsumma na riƙa zuwa da kaina, safe da yamma, har suka nuna. Tsohuwa a kan rumfa tana bugun gwangwani, masu wucewa suna sunkuyar da kai don kunya. Majajjawa kuwa ban iya ba, ranar da na gwada kaina na kusa fasawa. Amma kullum tsuntsaye suka taso sai in ji dutse ya wuce ta samana yana kuka, ya faɗa tsakiyarsu. Ka ɗauka ban sani ba? Na gan ka a bayan tsamiyar Malam Idi, ƙafarka ba ta taɓa gonar ba don kada ka karya maganata, hannunka kuwa bai huta ba. Lokacin ne ma wasan nasu ya kai ƙarshe, lokacin da ka fi son gani, kuma ban ga hasken waya a hannunka ba ko sau ɗaya. Na gani, na yi kamar ban gani ba. Na dawo gida na ci gaba da ajiye maka tuwo ba magana, wata da watanni, har ka rame. Wannan ba tarbiyya ba ce, zafin rai ne kawai, kuma na gaje shi ne ban saya ba. Kada ka ɗauke shi ka kai gidan wani. In ka yi fushi da mutum ka faɗa masa a ranar, a yi ta ta ƙare.

Ba don na huce na rubuta wannan ba, kada ka yi saurin murmushi. Shekaranjiya ina bayan ɗaki na ji ka da abokinka kuna ƙus-ƙus, kana cewa an fara sabuwar shekarar wasa, wai bana ma da alama zai fi bara. Ga shi Malam Idi ya karɓi fadamarsa, ya ce ɗansa zai yi aure yana buƙata, kuma ko ba haka ba ne ba ni da bakin magana bayan abin da na faɗa masa. Ga shi a Ƙofa an ce waya tana kamawa har cikin gona, ba sai an hau komai ba. Yayyenka duk sun ce in kulle irin a ɗakina in jira wata shekara. Na jiƙa 'yan ƙwayoyi a tsumma don in gwada, wasu suka tsiro wasu suka ruɓe. Ba shi da ƙarfin jiran wata shekara, kuma bai kai a raba shi biyu ba. Don haka na sake saɓa wa Iya, na kakkaɓe gorar a karo na biyu, wannan karon ina sane.

Ban ce ka sayar da wayar ba. Na san ko na ce ba za ka yi ba, kuma ba na son in koya maka yi mini ƙarya. Abin da na ce shi ne, abin da mutumin nan ya buga da asuba, in ka duba bayan azahar ba zai ragu ba. Yana nan yana jiranka. Tsuntsu ne ba ya jira. Daga ranar da shinkafar nan ta fitar da kai har ranar da ka sa mata lauje, ka miƙa wa matar Kawunka wayar kafin ka tafi masallaci, ka karɓa in rana ta take. Ka isa rumfa kafin gari ya yi haske. Da la'asar ka koma, kada ka tashi sai ka daina ganin tafin hannunka. Kada ka ba wa yaran gidan gadi ka ce za ka je ka dawo. Ka riƙe sallarka a kan lokaci, ka gaida manya a durƙushe, ka ci abin da aka ba ka. In ka zo hutun sallah, kafin ka shigo wurina ka fara biyawa ta gidan Malam Idi ka gaishe shi, ni na riga na je na ba shi haƙuri.

Allah ya kiyaye mini kai, ya tsare ka daga ciwo da maciji da mugun aboki. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kawar da idon tsuntsu daga kan abin da ka shuka. Allah ya jiƙan Iya da mahaifinka, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ka gaida Kawunka da mutanen gidansa.

Gorar Iya tana nan a rataye inda ka san ta, na wanke ta na bar bakinta a buɗe. Shi Bajapanen naka duniya ce take kallonsa, in ka ɗauke ido kwana arba'in ma ba zai san an yi ba. Ni kuwa ba ni da wani ɗan wasa sai kai. Kullum na sallame asuba zan zauna a kan dardumata in ce, ko yau ya yi jifa, ko yau ya yi bugu? Babu dutsen da zan hau in ji labari. Sai kaka, in ka shigo, zan kalli hannunka.

Mahaifiyarka,
Hajara